Cibiyar Ɗanlami ta Koyon Shiga Ofis

Duk Tudun Wadar Gusau babu wanda bai san Ɗanlami ya taɓa aikin gwamnati ba, domin shi da kansa ya bi majalisa-majalisa ya faɗa. Abin da ba ya faɗa shi ne, aikin masinja ne na wucin gadi a wata ma'aikata, kuma da damina ya fara, bai ga kaka a wurin ba. An sallame shi ne ranar da darakta ya dawo daga tafiya ba zato, ya tarar da shi a kan kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana gaya wa baƙi su dawo gobe, yau yana da mitin. Tun daga nan unguwa ta laƙaba masa Darakta. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har ya daina amsa na yanka.

Wata safiya a teburin mai shayi ya ji ana tattaunawa a rediyo, wai ɗalibai na fitowa daga jami'a da digiri amma ba su san yadda ake zaman wurin aiki ba. Bai ƙarasa shayin ba ya nufi gida. Ya tarar da matarsa Ladidi tana tankaɗe.

"Ladidi, yau na gano abin da ke damun ƙasar nan."

"Gishiri ya ƙare," in ji ta.

"Yara ne ba su iya shiga ofis ba. Jami'a ta koya musu lissafi, ta koya musu Turanci, ta bar babban abin. Ni zan cike giɓin."

Ladidi ta kaɗa rariya. "Kai da anka kora?"

"Ba kora ba ce. Saɓanin fahimta ne tsakanin manya biyu."

Kafin mako ya zagayo ya ari shagon da wani maƙwabci ke ajiye tsofaffin buhuna, ya sa aka rubuta a allo, CIBIYAR ƊANLAMI TA KOYON SHIGA OFIS. Shagon bango ɗaya yake da injin niƙan wani mutum mai suna Nura.

Ɗaliba ta farko Sa'adiya ce, ɗiyar yayar Ladidi, tana shekarar ƙarshe a fannin aikin gona. Uwarta ce ta ce ta je don zumunci. Ita kuma don kada ta sha wahalar ita kaɗai, sai ta jawo abokan karatunta biyu. Akwai Anas, mai karanta kasuwanci, wanda ya zo don kallo. Akwai Zaharaddeen, dogon yaro marayan uba, wanda uwarsa ta sha wuya kafin ya kai inda ya kai, yake kuma tsoron ranar neman aiki fiye da jarrabawa. Shi da gaske ya zo. Duk abin da Ɗanlami ya faɗa, haddacewa yake yi.

"Sannu Baba," in ji Sa'adiya.

"A gida ne Baba. Nan Darakta."

Darasin farko tafiyar ofis ce. Ɗanlami ya ce ma'aikaci na gaske ba ya tafiya kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Fayil a hammata, fuska a murtuke, sauri kamar an aiko ka da mugun labari. Haka ake yi kowa ya ɗauka aiki ya yi maka yawa, ba mai ƙara maka wani. Ya raba musu tsofaffin fayil, ya jera su a titi, shi a gaba, suka yi ta kai da kawowa daga bakin masallaci zuwa bakin kwata.

Zuwa zagaye na biyu unguwa ta ruɗe. Wata tsohuwa ta leƙo ta koma da gudu tana cewa masu yanke wuta sun zo. Nan da nan tsani ya fara fitowa daga gidaje. Magidanta masu furfura suna ta hawa falwaya suna cire wayoyin da ba wanda ya san lokacin da suka ɗaura. Mai kanti ya ja ƙofa ya kulle kansa a ciki. Da aka gane Ɗanlami ne a gaba, rabin layin ya riga ya yanke wa kansa wuta.

"Darakta, mi munka yi maka?" in ji wani dattijo daga saman tsani.

Ɗanlami ya juya ga ɗalibansa. "Kun ga abin da ake kira kwarjini."

Darasi na gaba laktaye ne, igiyar wuyan nan ta 'yan boko. Ya samo su da dama a gwanjo. Ya ce duk wanda ya shiga intabiyu wuya tsirara, ya riga ya faɗi tun daga ƙofa, har Sa'adiya ma sai ta ɗaura nata a kan hijabi. Ya jawo Zaharaddeen ya yi misali da shi. Ya zarga, ya lauya, ya ja. Idanun Zaharaddeen suka fito.

"Haka ake ji da farko," in ji Ɗanlami.

Zaharaddeen ya ɗaga hannu yana nuna maƙogwaro.

"Ba a tambaya sai an gama darasi."

Sai da Sa'adiya ta ƙwala ihu Nura mai niƙa ya shigo, fari fat da gari, ya sa wuƙa ya datse igiyar. Ya ɗaga ƙullin ya duba shi da kyau.

"Wanga ɗaurin ragon layya ne, Darakta. In ya ja, ƙara matsewa shika yi."

"Haka ma aikin gwamnati yake," in ji Ɗanlami.

Injin Nura kuwa kamar da gayya yake. Duk sanda Ɗanlami ya zo kan muhimmiyar magana, nan ne mata za su kawo niƙa. "In manaja ya ce me ya sa kake son aikin nan, sai ka dube shi ido cikin ido ka ce..." Sai inji ya ɗauka. Ɗalibai su yi ta kallon bakinsa yana motsi, hannu na sara iska, har ya kai aya. Inji na tsayawa sai su ji, "...da ka faɗi haka, aiki ya zama naka." Anas ya roƙi a maimaita. Ɗanlami ya ce a ofis ba a maimaita magana.

Abu biyu dai suka tsira daga injin suka isa kunnen ɗalibai. Kada mai neman aiki ya taɓa cewa bai sani ba, ko da an tambaye shi sunan kakar shugaban Sin. In kuma tambaya ta yi tsauri, a mayar da ita da tambaya.

A bakin injin nan ne kuma, wata rana Ɗanlami na zaune shi kaɗai, ya ji sanarwa a rediyon Nura. Wani kamfanin iri da taki, Albarkar Damina, zai ɗauki ɗaliban da ke dab da gamawa horon aiki, wanda ya yi ƙoƙari a riƙe shi bayan bautar ƙasa. Za a yi intabiyu a wata makaranta mai zaman kanta a Bungudu, ranar Laraba. Ana cewa Laraba, inji ya tashi.

Da ɗalibai suka zo ya ba su labari. Zaharaddeen ya ce wannan ce damar da uwarsa ke roƙa masa.

"Wace Larabar?" in ji Sa'adiya. "Mai zuwa ko ta sama?"

"Ta sama."

"Baba, ka tabbata? Bari in bincika a waya."

"Da kunnena na ji. Ranar da ɗalibi ya fara bincikar malaminsa, ranar albarka ke tashi. Ajiye wayar nan."

Ya ce tunda akwai lokaci, Laraba mai zuwa za su je makarantar su yi intabiyun gwaji, ƙafafunsu su saba da ƙasar wurin. Amma kafin nan akwai darasin da ya rage, shiga lif, ɗakin nan da ke hawa bene da mutane. Anas ya ce shi a iya saninsa kamfanin taki ba ya da bene. Ɗanlami ya ce wanda ya shirya wa Bungudu kaɗai, a Bungudu zai mutu.

Shi kansa bai taɓa shiga lif ba, a talabijin ya gani. Amma ya san surukinsa Mas'udu, wan Ladidi, mai sayar da hatsi a Tsafe, ya sayi wani ƙaton kabad zai aika wa ɗiyarsa da ke aure a Funtuwa. Suka shiga bas suka tafi Tsafe.

Sun tarar da kabad ɗin a tsaye a ƙofar shagon, bakin titi, kusa da wata babbar mota da ake loda wa dawa. Mas'udu ya saurari bayanin yana tauna goro, ya ce su yi abin da za su yi amma kada su karce fenti. Ɗanlami ya kuma ba shi wani aikin. Ya ce ya samo masa mutum uku a Bungudu masu cika ido, su zauna a matsayin manyan kamfani ranar gwaji, a ba su abinci.

"Waɗanda ban sani ba, su ma ba su san ni ba. In da sanayya, gwaji ba ya armashi."

"Ina da mutane a kasuwar can," in ji Mas'udu. "Mai makarantar ma abokina ne, aji guda ba shi gagara." Ya tashi ya tafi salla.

Ɗanlami ya zana maɓallai da gawayi a cikin kabad, ya shiga shi da Zaharaddeen, ya ce Anas ya rufe. Anas ya tura ƙofa, ta ce ƙaras. 

"Yanzu buɗe."

Anas ya ja. Ya sake ja. Makulli na aljihun Mas'udu, Mas'udu na masallaci, kuma ba wanda ya ga masallacin da ya shiga.

Daga ciki muryar Ɗanlami ta fito a natse. "Wannan shi ake kira lif ya tsaya. Kullum sai ya faru a Abuja. Zaharaddeen, ɗauke gwiwarka daga cikina."

Sa'adiya ta yi gabas neman Mas'udu, Anas ya yi yamma. Suna ɓacewa masu dako suka gama da dawa, suka zo kan kayan Funtuwa. Suka kama kabad su huɗu.

"Kai, wanga abu da nauyi."

"Kwanoni ne ciki."

"Ina jin magana hwa."

"Rediyo anka mance ba a kashe ba. Ɗaga!"

A ciki Ɗanlami ya ji ƙasa ta rabu da su. Ya ɗauka ɗalibansa ne suka yi dabara. "Ka ji ko? Hawa na ɗaya kenan. A nan ba a magana da kowa, sama ake kallo." Aka kwantar da su a kan buhuna, aka ɗaure da igiya, mota ta tashi.

Da Mas'udu ya dawo bai ga kabad ba, bai ga mota ba, sai Sa'adiya tana salati. Ya hau bayan ɗan acaɓa, Anas ya hau wani, suka bi hanyar Funtuwa suna ɗaga hannu. Allah ya sa direban mai son rake ne, ya tsaya saye a bayan gari. Aka kwance igiya, aka buɗe. Zaharaddeen ya fito da rarrafe yana neman inda zai yi amai. Ɗanlami ya miƙe a kan tulin dawa, hula a karkace, gawayi a goshi. Ya dubi taron da ya haɗu a ƙasa, masu rake da 'yan acaɓa da fasinjoji.

"To," ya ce, "kun dai ga mun hau."

Labarin ya riga su isa Gusau. Da Ladidi za ta ba Ɗanlami tuwo sai ta tambaya ko a hawa na nawa za ta ajiye.

Ranar Laraba suka hau motar Bungudu, kowa da laktaye, wanda Anas ya koyi ɗaurawa a waya a ɓoye. Sun makara, domin Ɗanlami ya ce babba ba ya riga ƙanana zuwa. Mas'udu na da ciniki a Tsafe, bai zo ba, ta waya ya ce mutanensa na ajin da ke kusa da darbejiya.

Suna shiga makarantar suka ga harabar cike da samari da 'yan mata, kowa fes, kowa da takardunsa a leda, sun yi layi.

"Kun gani?" in ji Ɗanlami. "Sunan cibiya ya fara zagayawa. Ban ma gayyace su ba."

Sa'adiya ta ja wata yarinya gefe ta yi mata tambaya. Ta dawo da gudu, ido waje.

"Baba, yau ce..."

"Darakta."

"Darakta, wallahi yau ce..."

"A wurin aiki ƙarami ba ya katse babba. Wannan ma darasi ne, ki riƙe shi."

Darbejiyar na tsakanin aji biyu. Ɗanlami ya leƙa na dama, ya ga wasu mutum uku da manyan riguna da suka sha jiki, sun sa tiren shinkafa da wake a gaba. Ya ce masu gadi ne. Ya leƙa na hagu, ya ga tebur da shimfiɗa, da filas ɗin shayi, wata mata mai tabarau a tsakiya, namiji ɗaya a damanta, ɗaya a hagu yana danna kwamfuta. Ya yi murmushi. Ya ture wanda ke kan layi, ya ce ɗalibansa su tsaya ta taga su ga yadda ake yi, ya murtuke fuska ya faɗa ciki da tafiyar ofis. Bai jira an ce ya zauna ba.

"Madalla," ya ce. "Mas'udu ya iya zaɓe. Ke me kike sayarwa?"

Matar ta dube shi ta saman tabarau. Hajiya Wasila ce, shugabar ɗaukar ma'aikata ta kamfanin Albarkar Damina, tun safe take wurin.

"Iri da taki," ta ce.

"To yau ki manta da taki. Yau ke babbar mace ce, ki yi ƙoƙari ki yi kama da haka. Tabaran ya yi, wa ya ara miki?" Ya juya ga na damanta, wanda shi ne manajan gonakin kamfanin, Malam Bashar. "Kai kuma gyara zama. Manaja ba ya zama kamar dillalin awaki. Ɓata rai. Ƙara. Yauwa."

Malam Bashar ya yunƙura zai tashi. Hajiya Wasila ta ɗaga masa hannu. Ta gyara biro.

"Sunanka?"

"Me ya sa kike son sani?" Ya waiga taga. "Kun gani? Tambaya da tambaya."

A taga yanzu ba ɗalibansa kaɗai ba ne. Rabin layin ya dawo nan. Sa'adiya ta rufe fuska da hijabi. Zaharaddeen na gyaɗa kai yana haddacewa.

"Me ka sani game da irin masara mai jure fari?" in ji Hajiya Wasila.

"Komai. Shi ne wanda ake ba ruwa tun yana cikin buhu, ya sha ya ƙoshi. In an shuka shi ba ya ƙara nema."

Ta rubuta wani abu. "A ce an tura ka gonar dawa, ka tarar wuta-wuta ta kama ta. Me za ka yi?"

"A kira 'yan kwana-kwana."

Taga ta fashe da dariya. Yawancin masu layin 'ya'yan manoma ne, ba wanda bai taɓa tuge ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa ba. Ɗanlami kuwa haifaffen cikin gari ne, kuma yana alfaharin hannunsa bai san fartanya ba.

"Ƙuduji ne, Baba," in ji Sa'adiya da ƙaramar murya. "Ciyawa ce."

"Na sani. Gwada su nake." Ya jawo kofin Hajiya Wasila ya kurɓa. "Sukari ya yi kaɗan. Ku lura, in ka sha shayin manaja, ka nuna masa kun zama ɗaya. Ke kuma tambayoyinki duk na ƙauye ne. Ba ki da ta ofis? To bari in nuna musu jingina irin ta manya."

Kujerar ta roba ce, ta 'yan makaranta. Ya harɗe ƙafa, ya tura baya, ya ɗaga ƙafafunta na gaba. Na baya suka buɗe a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Da ya ji zai tafi sai ya cafki shimfiɗar tebur. Filas, kofuna, takardu, duk suka bi shi. Mai kwamfuta, wanda tun safe ba a ji muryarsa ba, ya rungume na'urarsa a ƙirji ya ce, "Innalillahi."

Ɗanlami na kwance, shayi na bin kunnensa, ya ɗaga yatsa zai yi bayani. Sai guɗa ta tashi a waje.

Wani saurayi ya faɗo ajin yana haki, fuska kamar gonar auduga. "Hajiya, na gode, Allah ya saka! An ɗauke ni. Ni ne manajan Ƙauran Namoda."

"Wa ya ɗauke ka?"

"Manyan da ke ɗaya ajin."

Wani ya turo kai. "Ƙarya ne, ni anka ba Ƙaura."

"Ni ma ita anka ba ni," in ji wata daga baya.

Abin da ya faru shi ne, da Ɗanlami ya tare ajin hagu, layi ya tsaya, sai wani ya leƙa na dama ya tambaya ko nan ma ana yi. Mutanen Mas'udu sun gama shinkafa, kuma an ce musu yara za su zo su yi musu tambayoyi. Shugabansu Baba Ashiru, tsohon mahauci, ya ce a shigo. Tambayoyinsa ba su da yawa. Ɗan wane ne kai, ka yi sallar asuba, kana cin nama. Duk wanda ya amsa ya samu aiki. Mutum ɗaya kaɗai aka kora, shi ma sai da aka ɗauke shi tukuna, ya fita bai yi sallama ba, aka kira shi aka sallame shi. Wasu har sun buga waya gida. Wani ya ce ƙanin babansa na hanya daga ƙauye da makaɗa.

Hajiya Wasila ta miƙe. Ta ciro katin aikinta ta riƙe shi a saman fuskar Ɗanlami, yana kwance, har ya karanta. Sannan ta nuna masa ta taga farar motar da ke bayan darbejiya, da sunan kamfanin a jikinta da manyan baƙaƙe. A jikin motar ya jingina ɗazu yana gyara takalmi.

Hausar ofis ta gudu ta bar shi. "Wallahi Hajiya, Laraba ta sama anka ce. Inji ne ya tashi. Ku tambayi Nura."

"Wane ne Nura?"

Bai mayar da wannan da tambaya ba.

Zaharaddeen ne ya fara gane abin da ya faru. Ya zauna a ƙasa a gindin taga, ya riƙe kai. Sa'adiya ta shiga ajin, ta durƙusa, ta yi bayani tun daga rediyo har kabad, ba ta rage komai ba. Ta ce su uku ɗalibai ne na gaske, takardunsu na hannu, don an ce su zo da su saboda gwaji. In an kore su saboda wannan, ba su da ta cewa.

Hajiya Wasila ta cire tabarau ta goge shayin da ya fantsama a kai. "Ku koma ƙarshen layi. Ku cire igiyoyin nan. Wanda aka tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba, ba dukansa za mu yi ba."

Haka aka yi. Sa'adiya ta yi bayanin ƙuduji har Malam Bashar ya saki ran da aka sa shi ɓatawa. Anas ya ce bai sani ba sau biyu, kuma rufi bai faɗo masa ba. Da aka zo kan Zaharaddeen, Hajiya Wasila ta ce, "Sunanka?"

"Me ya sa kike..." Ya toshe bakinsa da hannu biyu. Ya yi numfashi. "Zaharaddeen. Ki yi haƙuri, Hajiya, bai gama fita ba."

An ɗauke shi, shi da Sa'adiya. Anas aka ce ya sake gwadawa baɗi.

Shi kuwa Ɗanlami tun kafin nan ya lallaɓa zai fice ta bayan darbejiya, sai manajojin Ƙauran Namoda suka hango shi. Su da sauran waɗanda aka ɗauka aka kuma sauke cikin sa'a guda suka yo kansa, a bakin ƙofar makaranta kuma ga kalangu ya iso. Ba hanya gaba, ba hanya baya. Ya faɗa ajin dama ya turo ƙofa.

Baba Ashiru na nan zaune da mutanensa biyu, yana sakace. Ba wanda ya tuna ya gaya musu komai. Ya dubi mutumin da ya shigo, riga jiƙe da shayi, ganyen shayi a gira.

"Kai ne na ƙarshe? Zamna."

Ɗanlami ya waiga. Tagogi sun cika da fuskoki. Ya zauna a hankali, ƙafafun kujera huɗu a ƙasa.

"Ka girme wa sauran," in ji Baba Ashiru. "To, mi ka iya?"

Ɗanlami ya share ganyen shayi daga gira. Ya ce, "Shiga ofis."

"To ga shi ka shigo. Sai mi?"

A waje ana jin mai kalangu yana tambayar wanda za a yi wa kiɗa.

Baba Ashiru ya duƙa ya yi shawara da na dama, ya yi da na hagu. Ya cire tsinken daga baki.

"Tashi ka tahi," ya ce. "Za mu neme ka."